Ciwon Afendis: Maza Sun Fi Kamuwa, Mata Sun Fi Shan Wuƙa

A ƙasan ciki, ta hannun dama, akwai wani ɗan tsiron hanji mai kamar tsawon yatsa, wanda ake kira afendis. Idan ya toshe ya kumbura, aka yi sakaci har ya fashe, mugunya ta bazu a ciki, to, sai dai gyaran Allah.

An daɗe ana mutuwa da wannan cuta ba a gane ta ba. Sai a 1886 wani likitan Amurka, Reginald Fitz, ya raɗa mata suna, ya ce maganinta shi ne fiɗa tun da wuri. Abin da ya ƙara wa fiɗar daraja kuwa shi ne rashin lafiyar Sarkin Ingila Edward na Bakwai, wanda a zamaninsa Turawa suka ci Kano da Sakkwato. A watan Yuni na 1902, saura kwana biyu bikin naɗinsa, Frederick Treves ya tsaga cikinsa ya fitar da mugunya, aka ɗage biki zuwa Agusta. Tun da har Sarki ya miƙa cikinsa ya kuma tashi, wa zai ƙi? Likitoci suka riƙe ƙa'ida guda, watau in ana shakka, a yanke.

Ƙa'idar ta ceci rayuka, amma mata ne suka ɗauki nauyinta. Wani bincike da aka buga a Amurka a 1990 ya nuna maza kashi 8.6 cikin ɗari za su kamu da ciwon a rayuwarsu, mata kuwa kashi 6.7. Amma da aka zo lissafin waɗanda ake cire wa afendis, sai ga maza kashi 12, mata kashi 23! Dalili kuwa, ciwon ƙwan mace, da kumburin bututun mahaifa, da cikin da ya zauna a wajen mahaifa, duk a wurin nan suke yin zafi. Ga shi kuma in an buɗe mace don wani aikin, akan haɗa da afendis ɗin, wai rigakafi. Na'urorin hoton ciki ne suka rage wannan ɓarna daga baya.

Yawan ciwon kansa bai tsaya wuri ɗaya ba. Ya ragu a Turai da Amurka daga tsakiyar ƙarni na 20, alhali yana ƙaruwa a biranen Asiya da Afirka. Denis Burkitt, wanda ya yi aikin fiɗa a Yuganda, ya ɗora laifin a 1971 a kan barin abinci mai dusa a koma ga farin fulawa da sukari. Masu ja da shi suka ce ai a Ingila ciwon ya ragu ba tare da an bar farin burodi ba.