Zafin Walda da Tukunyar ITER

Ogoginmu a Sabon Garin Keffi da kabad da iskar gas suka fara walda. Injin lantarki da sandar walda suka biyo baya, kuma da Abuja ta bunƙasa aikin get da tagogi da tankunan ruwa ya yi mana yawa. Waldar argon, wadda ake yi wa ƙarfen da ba ya tsatsa, a 1941 aka ƙago ta a kamfanin jiragen sama na Northrop a Amurka, amma har yau masu hannunta a nan ba su da yawa. Wannan kuwa yana damuna, domin ita ce ƙashin bayan walda mafi wuya da ake yi a duniya.

Ina nufin tukunyar injin da ke neman samar da makamashi irin na rana. Bayan Tarayyar Sobiyet ta nuna a 1968 cewa irin wannan injin, mai suna tokamak, yana aiki, Turawa suka kunna injin JET a Ingila a 1983, yanzu kuma ana gina ITER a kudancin Faransa. Tukunyarsa ta kai tan 5,200, bango biyu ne, kowanne kaurinsa santimita 6. Za a zuƙe iskar cikinta kakaf kafin a hura zafi mai digiri miliyan 150. An yanka aikin gida tara: an ba Hyundai na Koriya ta Kudu huɗu, Turai biyar. Yanki na farko ya isa wurin ginin a Agustan 2020.

A 2022 aka gano bakunan wasu yankunan sun kauce wa ma'auni, ba za su haɗu daidai ba. Da na ji dalilin, gabana ya faɗi don na san shi: zafin walda yana jan ƙarfe, yana murɗa shi yayin da yake hucewa. Saboda haka ne muke ɗiga walda nan da can kafin mu ja dogon layi. Sai da ma'aikatan ITER suka cike bakunan da sabuwar walda, suka sake goge su da inji.

Ga kuma yoyo. Mu alli muke shafawa a bayan tanki, mu zuba kananzir ta ciki, mu jira ya ɓullo. Su iskar hiliyom suke fesawa a kan layin walda, na'ura tana shaƙa ta ɗaya gefen, domin ramin da ruwa ba zai bi ba ya isa ya ɓata musu aikin duka.