Ekklesiya ta Fari Ta Girma a Zango

A wannan bikin jubili ana ta ba da labarin waɗanda suka fara aikin bishara a cikinmu, wannan kuwa daidai ne. Amma akwai labarin da ya girmi nasu nesa, shi ne wanda Luka likita ya rubuta cikin Ayyukan Manzanni. Mai bi da ke zaune a Nima ko Mamobi yana bukatarsa kamar yadda bafatake ke bukatar sanin hanya, gama kullum ana ce masa ya bar addinin iyayensa ya bi na Turawa. Idan bai san inda Ekklesiya ta fito ba, da me zai amsa?

Mu fara da Antakiya ta Suriya, inda aka soma kiran almajirai Kirista. Waɗanda suka kai wa Helenawan garin bishara baƙi ne, mutanen tsibirin Kubrus da na Kurane, tsanani ne ya kore su daga Urushalima bayan an jejjefe Istifanus. Kurane kuwa tana cikin ƙasar da ake kira Libiya yau. Cikin shugabanni biyar da sura 13 ta ambata akwai Lukiyas Bakurane, da Siman wanda ake yi wa laƙabi da Baƙi. Su ne suka ɗora wa Bulus da Barnaba hannu suka sallame su. Ashe mutumin Afirka yana cikin masu aiken manzanni tun bishara ba ta ƙetare zuwa Makidoniya ba. 'Yan Mishan na Basel sun sauka a Osu a 1828, Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, amma jiya jiya ke nan in an gwada da Antakiya.

Sai labarin Akila da matarsa Biriskilla, wanda ya kamata kowane ɗan zango ya riƙe shi da kyau. Masu ɗinkin tanti ne, Akila haifaffen Buntus, suna cin abinci a Roma, sai Sarki Kalaudiyas ya ba da doka Yahudawa su fita daga birnin, wajen shekara ta 49. Dattawanmu sun san irin wannan rana. A watan Nuwamba 1969 gwamnatin Dokta Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Gana. Aka sayar da kaya da araha, motoci suka cika da Hausawa da Yarbawa da Zabarmawa, har da waɗanda a nan aka yanke musu cibi. A 1983 Nijeriya ma ta yi wa mutanen Gana haka. Akila da matarsa dai suka sauka a Koranti, suka kafa sana'arsu. Nan Bulus ya same su, ya zauna gidansu suna ɗinki tare, ya yi shekara ɗaya da rabi yana koyarwa a garin. Daga baya suka koma Afisa, Ekklesiya tana taruwa cikin gidansu, har suka ja Afolos, malami mai baki daga Iskandariya ta Masar, suka ƙara gyara masa karatu. Korar da sarki ya yi ita ce ta kai su wurin da Ubangiji ya shirya musu aiki.

Wani zai ce, yaya muka san ba tatsuniya ba ce? Suwetoniyas, marubucin Romawa wanda ba mai bi ba ne, ya ambaci korar nan cikin tarihin Kalaudiyas. Luka kuma ya ce an kai Bulus ƙara gaban Galiyo, hakimin Akaya. A garin Delfi na ƙasar Girka an tono gutsattsarin dutse mai ɗauke da wasiƙar Kalaudiyas da sunan Galiyo a ciki, daga nan masana suka gane ya yi mulki wajen 51 zuwa 52. Bangaskiyarmu ta tsaya bisa abin da ya faru a garuruwa masu suna, a zamanin sarakuna sanannu, gaban shaidu. Shi ya sa Luka bai gaji da lissafta tashoshin jirgin ruwa ba, ko da mai karatu ya ƙosa.

Luka bai ɓoye aibu ba kuma. A sura 6 masu jin Helenanci suka yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu wajen rabon abinci. Rigimar harshe ce da ta kabila, irin wadda takan tashi a majami'ar da Bahaushe da Bafrafra da Badagombe ke zaune kan benci ɗaya. Manzanni ba su ce a yi shiru don kada a ji kunya ba. Suka tara jama'a, aka zaɓi mutum bakwai aka danƙa musu rabon, dukansu kuwa sunayen Helenanci gare su, na bakwai ɗin ma Nikolas ne mutumin Antakiya, wanda ba a haife shi Bayahude ba. Dattawan Ekklesiya su duba littafin baiko na wannan shekara, su ga ko akwai gwauruwar da aka tsallake don ba ta jin harshen da ake sanarwa da shi.