Bakteriyar Hanji, Fiba da Ƙwayoyin Treg: Sake Duba Tushen Cutukan Alaji

Tsakure

Wannan maƙala tana da'awar cewa kariya daga asma da borin jini ta fi dogara ga abin da bakteriyar hanji ke samu su ci, fiye da yawan cutukan da yaro ya kamu da su. An gina hujjar a kan sinadarin butiret da tasirinsa ga ƙwayoyin garkuwar jiki.

Gabatarwa da Waiwaye

A 1989 David Strachan ya nazarci yara 17,414 a Birtaniya, ya ga cewa masu yayye da yawa ba su cika fama da alajin hanci ba. Ya danganta haka da cutukan da ƙanne ke ɗauka daga yayyensu. Lurarsa daidai ce, fassarar ce ke da rauni, domin ba ta nuna hanyar da cuta ke bi ta hana garkuwa yin bore ga ƙura ko gyaɗa ba. Graham Rook ya gyara ta a 2003, inda ya mayar da hankali ga ƙwayoyin da suka daɗe suna zaune tare da ɗan Adam ba tare da cutar da shi ba. A kan wannan ne wannan maƙala ta dogara.

Dabarun Bincike

An kwatanta ayyukan da aka wallafa daga 2010 zuwa 2015 a kan ɓeraye da yara.

Sakamako

A 2011 Atarashi da abokan aikinsa a Japan sun nuna cewa wasu dangin Clostridium suna ƙara yawan ƙwayoyin Treg a babban hanjin ɓeraye. Aikin Treg shi ne tsawatar wa sauran ƙwayoyin garkuwa kada su far wa abin da ba ya cutarwa. A 2013 Furusawa ya gano silar: idan bakteriyar suka narka fiba, wadda cikin mutum ba ya iya narkawa, sai su fitar da butiret, shi kuma ya taimaka wajen kunna ƙwayar gado ta Foxp3 da ke mayar da ƙwayar garkuwa ta T ta zama Treg.

Tasirin bai tsaya a hanji ba. Trompette a Lozan, a 2014, ya ga ɓerayen da aka rage wa fiba sun fi samun kumburin hanyar numfashi bayan shaƙar ƙurar gida, yayin da furofiyonet, ɗan'uwan butiret, ya bi jini zuwa ɓargo ya sauya ƙwayoyin da ke isa huhu. A Kanada, Arrieta ta bi jarirai 319 a 2015, ta tarar da ƙarancin dangin bakteriya huɗu a kwanaki 100 na farko a cikin waɗanda ke da haɗarin asma.

Binciken De Filippo na 2010 ya shafe mu kai tsaye: yaran ƙauyen Boulpon a Burkina Faso, masu cin gero da dawa, sun fi yaran Fulorans ta Italiya yawan butiret da furofiyonet a bayan gida.

Iyakoki

Gaskiya ne mafi yawan hujjar daga ɓeraye ta fito, kuma De Filippo ba ta auna alaji ba. Tsutsar ciki ma tana ƙara Treg, ba butiret kaɗai ba. Sai dai wannan bai rushe hanyar da aka nuna ba.

Kammalawa

Ƙazanta ba magani ba ce. Abin da ya kamata a auna shi ne yadda barin tuwon dawa da wake zuwa farar fulawa, da shayar da jarirai maganin kashe bakteriya barkatai, ke shafar butiret da asmar yara a biranenmu.