Princesa: ma'anar kalmar da yadda masu jin Sifaniyanci ke amfani da ita

Princesa ita ce kalmar da Sifaniyanci ke kiran gimbiya da ita, namijinta kuma príncipe, wato yarima. Asalinta daga Faransanci ne, daga princesse ɗin da ƴan makarantar bokonmu suka sani. A Mekziko da sauran ƙasashen Latin Amurka ana furta ta "pirinsesa", amma a galibin ƙasar Sifen harafin c yakan fito ne da kan harshe tsakanin haƙora.

A gidan sarautar Sifen, ba kowace ƴar sarki ce princesa ba, kuma nan ne mai fassara labari yakan yi tuntuɓe. Sarautar ta mai jiran gado ce. Sarki Felipe na 6 yana da ƴaƴa mata biyu. Babbar, Leonor, wadda aka haifa ranar 31 ga Oktoba 2005, ita ce Princesa de Asturias tun da mahaifinta ya hau karaga a Yunin 2014. Ƙanwarta Sofía kuwa infanta ake ce mata, laƙabin sauran ƴaƴan sarki. Da Hausa duk su biyun gimbiya za mu ce, to amma wanda ya tsaya nan ya ɓoye wa mai karatu wadda za ta gaji sarauta. Gara a ce "gimbiya mai jiran gado". Sarautar ta Asturias tsohuwa ce, tun 1388 ake ba magajin sarki ita. Matar yarima mai jiran gado ma tana ɗaukar sunan: Letizia ta riƙe shi daga aurenta a 2004 har ta zama sarauniya. Akwai kuma lambar yabo ta Princesa de Asturias da ake bayarwa kowace shekara a birnin Oviedo.

A bakin jama'a kuwa kalmar ta sauka daga fada tuntuni. Uba yakan kira ƴarsa mi princesa, "gimbiyata", ko princesita in ƴar ƙarama ce. Saurayi ma haka yake kiran budurwarsa. A Mekziko, ranar bikin cikar yarinya shekara 15 da ake kira quinceañera, doguwar riga mai faɗi da kambi ake sa mata, ta zama princesa ta yini guda.

Sai dai murya na juya ma'anar. In aka ce mace "tana jin ita princesa ce", shagwaɓa da son jiki ake nufi, irin wadda ba ta iya ɗauke ko kwanon da ta ci abinci. Daga nan matasa suka ƙago princeso don zolayar namijin da ke zaune yana jiran mace ta lallashe shi.

Wanda ya je Sifen ko yake koyon harshen ya kiyaye da abu ɗaya. Ce wa matar da ba ka sani ba princesa a kan titi ko a wurin aiki, mata da yawa raini suke ɗaukar sa, ba yabo ba. Señora ko señorita ya fi aminci. Tun 2022 ma dokar Sifen tana hukunta mai jifar mutum a titi da kalaman batsa masu wulaƙanta shi.