Garin Magani a Cikin Kwano: Tarihin Ƙarin Abincin Gaɓoɓin Dawaki

Ranar 4 ga Mayun 1968, wani doki mai suna Dancer's Image ya taso daga ƙarshen ayari ya lashe gasar Kentucky Derby, sukuwar da ta fi kowace daraja a Amurka. Murnar ba ta daɗe ba. Bayan kwana uku aka sanar da cewa an gano maganin fenilbutazon a fitsarinsa, maganin da dokar jihar Kentaki ta lokacin ta hana a samu a jikin doki ranar sukuwa. Aka karɓe kambun, aka miƙa kuɗin gasar ga Forward Pass wanda ya zo na biyu. Mai dokin, Peter Fuller, ya kwashe shekaru yana shari'a, amma bai yi nasara ba.

Laifin dokin ɗaya ne: gaɓoɓin ƙafafunsa na ciwo. Wannan lamari ya fito da wata tsohuwar matsala fili. Maganin kashe zafi yana ɓoye ciwo ne kawai, ba ya gyara gaɓa, kuma yana iya jawo wa mai doki hukunci. Daga irin wannan tsaka-mai-wuya ne kasuwar ƙarin abincin gaɓoɓi ta samu gindin zama, domin ta zo da alƙawarin gari ko ruwa da za a zuba a cikin hatsi, ba allura, ba takardar likita, ba fargabar gwaji.

Dalilin da ya sa gaɓa take gajiya

Babban doki yakan kai kilo 500, kuma ƙafafun gaba ne ke ɗauke da kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin. Idan yana sukuwa, akwai lokacin da dukkan nauyin yake sauka a kan ƙafa ɗaya. Abin da ke hana ƙashi gogar ƙashi shi ne guringuntsi mai santsi da ya lulluɓe bakin kowane ƙashi, tare da wani ruwa mai yauƙi da ke cikin gaɓar. Guringuntsin ba shi da jijiyoyin jini, daga ruwan gaɓar yake samun abincinsa, shi ya sa idan ya zaizaye ba ya komawa yadda yake. Tun a 1743 likitan nan ɗan Sikotilan, William Hunter, ya rubuta cewa guringuntsin da ya lalace ba ya warkewa. Zaizayewar ita ce ke haifar da amosanin gaɓɓai, wanda likitocin dabbobi ke ɗauka a matsayin babban sanadin ɗingishi a dawaki.

Kafin zuwan ɗakin gwaji

Neman lafiyar doki ta hanyar cimarsa ba sabon abu ba ne. A ƙarni na 14 kafin haihuwar Annabi Isa, wani mai horar da dawaki mai suna Kikkuli ya bar wa Hittiyawa bayani a kan allunan yumɓu game da yadda ake ciyar da dokin yaƙi da motsa shi da hutar da shi. A Masar ta zamanin Mamaluka, Abubakar ibn Badr, likitan dawakin Sarki An-Nasir Muhammad, ya rubuta littafinsa Kamilus Sina'ataini a ƙarni na 14, inda ya tattara cututtukan dawaki da magungunansu. Makarantar likitancin dabbobi ta farko kuwa, Claude Bourgelat ne ya buɗe ta a birnin Liyon na Faransa a 1762, kuma doki ne babban abin karatunta.

Amma a barga, al'ada ce ke mulki. A ƙarni na 19, masu kula da dawaki a Ingila da Amurka sun saba sayen garin gyaran jiki da ake tallatawa a matsayin maganin kowace cuta. Wasu daga cikin garurrukan na ɗauke da gubar arsanik, domin tana sa gashin doki ƙyalli. Kyan gani a waje, illa a ciki. Wannan ne darasi na farko a tarihin: idon mai doki ba ma'auni ba ne.

Sinadarai uku da asalinsu

A 1876 wani matashin ɗalibin likitanci Bajamushe, Georg Ledderhose, ya dafa sinadarin da ke cikin ɓawon halittun ruwa irin su ƙaguwa da jatan lande a cikin asid, ya fitar da wani nau'in sukari da aka raɗa wa suna gulukosamin. Jiki na amfani da shi wajen ƙera tubalan guringuntsi. Na biyu shi ne kondiroyitin, wanda masana suka tsamo daga guringuntsi tun a ƙarni na 19, kuma har yau daga maƙogwaron shanu da guringuntsin wasu dabbobi da kifaye ake samunsa. Na uku shi ne asid ɗin hayaluronik, wanda Karl Meyer da John Palmer suka gano a 1934 a Jami'ar Kolombiya, cikin ruwan idon saniya. Shi ne ke ba ruwan gaɓa yauƙinsa.

Abin sha'awa, a wannan fage doki ne ya riga mutum. Masanin nan ɗan asalin Hangari, Endre Balazs, ya samo hanyar tace hayaluronik daga zankon zakara, kuma a 1970 shi da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon yi wa dawakin sukuwa masu ɗingishi allurarsa a cikin gaɓa. Sai daga baya aka fara yi wa mutane irin wannan allura a gwiwa. Sai dai duk wannan aikin likita ne, kuma allura ce da ke kai sinadarin kai-tsaye inda ake buƙatarsa. Tambayar da kasuwa ta tsallake ita ce ko sinadarin zai isa gaɓa idan ta baki aka bayar da shi.

Yadda doka ta buɗe ƙofa

A shekarun 1980 an riga an fara sayar da gulukosamin ga mutane a Turai, musamman Italiya, a matsayin magani. A Amurka kuwa, majalisa ta zartar da dokar ƙarin abinci a 1994, wadda ta ba kamfanoni damar kai kayansu kasuwa ba tare da sun fara gamsar da hukumar FDA cewa suna aiki ba. A 1997 littafin The Arthritis Cure na likita Jason Theodosakis ya shiga sahun littattafan da aka fi saya, ya sa gulukosamin da kondiroyitin suka zama ruwan dare. Wanda ya sha don gwiwarsa, ba zai rasa saya wa dokinsa ba.

A 1996 hukumar FDA ta bayyana cewa dokar 1994 ba ta shafi dabbobi ba. A bisa ƙa'ida, abin da ake ba dabba ko dai abinci ne ko magani, babu na tsakiya. Ƙarin abincin gaɓoɓi ya zama jemage, ba tsuntsu ba, ba dabba ba: ba a yi masa rajistar magani ba, kuma ba a hana sayar da shi ba. Don cike wannan giɓi ne kamfanonin suka kafa ƙungiyarsu ta NASC a farkon shekarun 2000, wadda ke duba tsarin sarrafawa da rubutun jikin kwali. Hatiminta shaida ce ta tsari, ba shaidar cewa garin yana warkarwa ba.

Abin da bincike ya nuna

A 2005 Sheila Laverty da abokan aikinta a Jami'ar Montiriyal ta Kanada suka ba dawaki gulukosamin ta ciki, miligiram 20 ga kowane kilo, wato giram 10 ga doki mai kilo 500. Abin da ya shiga jini bai wuce kimanin kashi 6 cikin 100 ba, kuma abin da ya isa ruwan gaɓa ya yi ƙasa ƙwarai da adadin da aka ga yana tasiri a kan guringuntsi a ɗakin gwaji.

A 2006 wasu masu bincike a Kanada suka auna kayayyaki 23 da ake sayarwa don gaɓoɓin dawaki. Guda 9 ba su ƙunshi adadin gulukosamin da aka rubuta a jikinsu ba. A shekarar ce kuma aka wallafa sakamakon babban gwajin GAIT da gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyi, wanda ya shafi mutane 1,583 masu ciwon gwiwa. A jimlace, gulukosamin da kondiroyitin ba su nuna fifiko mai ƙarfi a kan ƙwayar da babu magani a cikinta ba, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na waɗanda suka sha ƙwayar wofin sun ce sun sami sauƙi. Doki ba ya magana, amma mai shi yana da fata, kuma wanda ya kashe kuɗi yakan ga abin da yake son gani.

Ba duk sakamakon ne ya zama na yanke ƙauna ba. A 2007 masu bincike a Jami'ar Jihar Kolorado suka gwada wani sinadari da ake tatsa daga man fiya da na waken soya. Ɗingishin dawakin bai ragu ba, amma zaizayewar guringuntsi ta yi sauƙi. Sakamako ne mai ƙima, sai dai ya yi nisa da abin da talla ke faɗa.

Akwai kuma wani juyi na tarihi. Kayan da aka rungume don gudun gwajin ranar gasa, su ma suna iya jefa mai doki cikin matsala. Wasu garurrukan na ɗauke da saiwar wani tsiro na kudancin Afirka mai rage zafi, kuma hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, ta sanya sinadarinsa cikin jerin waɗanda ba a yarda a samu a jikin doki lokacin gasa ba.

Daga Kentaki zuwa turke

Ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce a wannan zance. Tun kafin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya kawo wasan folo Katsina a shekarun 1920, bargar sarakuna na da nata ilimin ciyarwa: dawa, gero, harawa, dusa da kanwa. A yau robobin gari daga ƙetare sun iso hannun masu dawakin folo da na sukuwa da na hawan salla, kuma da dala ake sayo su.

Tarihin ya bar wa mai turke ma'aunai masu sauƙi. Na farko, ɗingishi alama ce, ba suna ba ne na cuta. Yana iya fitowa daga kofato ko jijiya ko tsagewar ƙashi, kuma likitan dabbobi ne zai bambance. Na biyu, a karanta adadin sinadarin da ke cikin kowane awo, a kwatanta da nauyin dokin, a kuma duba lambar rajistar NAFDAC. Na uku, asalin cima ya fi ƙari muhimmanci. Dokin da aka cika wa dusa ba tare da isasshiyar harawa ba yakan samu fosfaras fiye da kalsiyam, ƙashinsa ya yi laushi, fuskarsa ta kumbura, cutar da Turawa suka daɗe da ganowa a dawakin masu niƙa. Babu garin gaɓoɓin da zai gyara wannan.

Abubuwan da suka fi kare gaɓa ba a cikin roba suke ba: gyaran kofato a kan kari, hana ƙiba, ɗumama jiki kafin sukuwa, guje wa gudu a kan kwalta da busasshiyar ƙasa, da ba doki hutu bayan wahala. Dokin da ya kwana wata uku a turke, aka fito da shi ranar hawan daushe ya yi sukuwa da kaya masu nauyi, ba rashin gulukosamin ne zai sa shi ɗingishi washegari ba.