Yadda Labarin 'Yan Mazan Jiya Ya Shiga Takarda

Tun zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da Turawa suka kwashi samarin ƙasar Hausa cikin runduna ta 81 da ta 82 suka kai su dazuzzukan Burma, har Sarkin Katsina Usman Nagogo, wanda ya hau gadon sarauta a 1944, ya tsallaka teku ya ziyarce su, mutanenmu suka saba da jin labarin jarumtakar soja, amma abin da ke hana shi barci bayan ya komo gida, sai ya zama sirri tsakaninsa da matashin kansa. Malam Sa'adu Zungur, wanda ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya taryi sojojin da waƙarsa Maraba da Soja. Alƙalamin malamai ya biya haƙƙin yabo. Na ciwo kuwa, shiru.

Wanda ya fasa wannan shiru daga cikin dakarun, wani Bayarabe ne mai jinyar sojojin da suka ji rauni, Isaac Fadoyebo. A 1944 Japanawa suka yi musu kwanton ɓauna a bakin kogin Kaladan, harsashi ya ragargaza masa ƙafa, wani talaka Musulmi mai suna Shuyiman ya ɓoye shi wata da watanni yana ciyar da shi, alhali da an gane, da ransa zai biya. Littafin da ya rubuta kan haka bai ga ɗab'i ba sai 1999.

A Hausa kuwa, ɗan Katsina ne, Bature Gagare, ya taɓo wurin da ke ciwo cikin Ƙarshen Alewa Ƙasa, wanda aka buga a 1982, inda Mailoma ya fito daga Yaƙin Basasa hannunsa ya saba da jini, ya kasa komawa mutum irin na da. Ƙagaggen labari ne, na sani, amma a ganina ya fi tarin jawaban tunawa da mazan jiya gaskiya.

Yau ga sojoji suna dawowa daga dajin Rugu, ga ma'aikatan jinya da ke karɓar gawa da masu rauni da tsakar dare a asibitocin birnin Katsina. Ina roƙonsu, don Allah, su rubuta abin da idonsu ya gani, ko da boko ko da ajami, tun suna da rai.