Asalin 'Yar Na'urar da Ake Maƙalawa a Yatsa

Duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon huhu ya san 'yar na'urar nan da nas ke maƙala wa majinyaci a yatsa, jar fitila na ci a cikinta, lamba na hawa da sauka: 97, 94, 96. 'Yan jinya kuwa su zuba mata ido kamar masu duban watan Sallah.

A da, in ana son sanin yawan iskar oksijin a jinin mutum, sai an soka allura a jijiya an ɗebi jini. A 1935 wani likita Bajamushe, Karl Matthes, ya gwada auna ta da haske ta fatar kunne, domin jinin da ya ƙoshi da iska ja ne jawur, wanda ya rasa ta kuma duhu yake yi. Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙara wa aikin ƙaimi, saboda matuƙan jiragen yaƙi suna suma in sun lula sama. Glenn Millikan na Amurka ya ƙera musu na'urar da ake maƙalawa a kunne, sai dai saitinta aiki ne ja.

Wanda ya warware ƙullin injiniya ne ɗan Japan, Takuo Aoyagi, na kamfanin Nihon Kohden, kuma ba abin da ya fita nema ke nan ba. A 1972 yana ƙoƙarin auna yawan jinin da zuciya ke turawa, bugun jini ya yi ta dagula masa lissafi. Maimakon ya ci gaba da yaƙi da bugun, sai ya lura cewa abin da ke canzawa a kowane bugu jinin da ya fito daga zuciya ne kaɗai. Fata da ƙashi suna nan yadda suke. In aka haska launi biyu, ja da wani da ido ba ya gani, aka kwatanta canjin, lambar yawan iskar oksijin ta fito. Kamfanin Minolta ya fitar da ta yatsa a 1977. Aoyagi ya rasu a Afrilun 2020, daidai lokacin da korona ta sa duniya ke rububin abin da ya ƙirƙiro.

Amma na'urar tana da nata ruɗin. Sanyin hannu, motsi, fentin farce da baƙin lalle duk suna rikita ta. Wanda ya shaƙi hayaƙin janareta tana iya nuna masa 98 alhali yana bakin mutuwa. A Disambar 2020 binciken Jami'ar Michigan ya nuna ta fi ɓoye ƙarancin iska a jikin baƙar fata, kusan ninki uku. Mu ke nan.

Shi ya sa likita ba ya tsayawa a kanta; yakan nemi hoton ƙirji, gwajin zuciya, ko ya koma ga allurar nan ta da. In lamba ta sauka ƙasa da 90, ko numfashi na sama-sama ko da lambar na da kyau, a garzaya asibiti.